Mai Hannu da Marar Hannu

A kasuwar Dole, layin 'yan bosho,
Kiyari ya kwance dila da sassafe.
Cikin rigunan ɗari da wandunan da ba su san mu ba
sai ga biyu, baƙaƙe wuluk, masu danƙo,
kamar an feɗe tarwaɗa an bar fatar.
Ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu:
"Wannan ta wace sana'a ce?
In ba mai so, masu faci za su yanka."

Ni na san su.
Sunana yana kan takarda tun watan jiya,
gasar nan mai hawa uku:
ka yi iyo, ka hau keke, ka ƙarasa da gudu,
can inda ruwa ke da gishiri
kuma ba a hango ɗaya gaɓar.
Ni da na girma ina gadin famfo har asuba,
jarka shida a layi, ta bakwai dutse ne na riƙon wuri.
Damagaram, kin koya mini auna ruwa da moɗa,
yanzu ga shi zan shiga wanda ba ya aunuwa.

Kuɗina na ɗaya ne.
Na bar masa wayata jingina, na ɗauki biyun,
na taka keke har Gidimuni.

Mai hannu na fara sawa.
Sai da na yi gumi kafin ta yarda da ni,
ta kama wuya, ta kama damtse,
ta matse ni kamar mai bin bashi.
Amma da na faɗa tafki
sai ta ɗaga ni sama kamar gora,
sanyin safiya ya zo ya ƙwanƙwasa
bai sami ƙofa ba.
Na yi ta sulɓi. Na ce shi ke nan.
Can wajen tsakiya kafaɗa ta fara magana,
kowane jifan hannu sai na biya haraji.
Da na fito kuwa, tuɓe ta ya zama kokawa,
ƙafa ɗaya a ciki, ina tsalle a laka.
Da gasa ce, da kekuna sun tafi sun bar ni.

Marar hannu ba ta da wannan rigima.
Kafaɗuna suka koma nawa,
na ji ruwa a fatar hannu
yana faɗa mini inda zan kama shi.
Sai dai ta hammata ɗari ya sato hanya,
ya gangara baya kamar ƙadangare,
kafin in juyo yatsuna sun zama na wani,
haƙora na kaɗa kalangu ba biki.

Wani masunci, Wakaso, yana gyaran koma,
ya ga shigata biyu, ya ga fitata biyu.
Ya ce, "Ruwan can da za ka, ka san sanyinsa?"
Na ce a'a.
"Ka san ɗuminsa?"
Na ce a'a.
Ya ci gaba da ɗaurin zarensa.

Da dare na shimfiɗa su a igiyar shanya,
suna ɗiga, Inna Cima ta tara kwano a ƙasa,
don a gidanmu ɗigo ma ba ya tafiya banza.
Ta shafa wannan, ta ja waccan,
ta shekara talatin tana ɗinki a Zango.
Ta ce, "Ɗauki mai hannun.
In ta dame ka, almakashi yana nan.
Wanda aka yanke ne ba ya tsirowa."

Na mayar wa Kiyari ɗaya, na karɓi wayata.
Ɗayar tana cikin jaka, a naɗe,
tana warin roba da lakar Gidimuni.
Almakashin Inna yana aljihun gefe.
Har yau ban taɓa shi ba,
ban kuma cire shi ba.